Sai Soja Goma Sha Biyar Sun Mutu

Duk wanda ya taɓa bin layi a ƙaramin asibitin da ke kan tudun garinmu, can cikin gonakin rake na ƙasar Zulu, ya san muryar MaShezi kafin ya san fuskarta. "Fanke da zafinsa! Wanda ya zo da yunwa kada ya ƙara wa Sista aiki!"

Zibuyile aka raɗa mata, amma tun da ta yi aure kowa da sunan gidan ubanta, Shezi, yake kiranta, kamar yadda ake yi wa kowace matar aure. Mijinta mai yankan rake ne. Ya rasu a 1999 bayan wata jinya da dangi suka kira tari, maƙwabta kuma suka kira "harafi uku", wato HIV, in ta ba da baya. Sau biyu ta kai jininta aka gwada, ba a sami komai ba. Ba ta san dalili ba, ba ta kuma son a tambaye ta. Da ta cire baƙaƙen kayan takaba sai ta sayi kasko da risho, ta kafa su a jikin bangon asibitin, a ƙarƙashin wata taga da ba ta rufuwa sosai.

Tagar nan ta ɗakin nasiha ce. Kowace safiya wata yarinya mai suna Nomvelo, wadda ita ma take ɗauke da cutar ƙanjamau kuma ba ta ɓoyewa, takan tara sababbin zuwa ta yi musu bayani. MaShezi aji huɗu kawai ta yi a makaranta, amma kunnenta bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Tana juya fanke tana saurare, har ta haddace darasin kamar waƙar coci.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mata a rai. Ƙwayoyin jinin da likitoci ke kira CD4, mu a nan amasosha muke ce musu, wato sojojin jiki. Kowa a layi ya san adadin sojansa kamar yadda ya san shekarunsa. Wata rana da Nomvelo ta fito shan shayi, MaShezi ta tare ta.

"Zo nan, 'yar nan. Kullum ina jin ki ta taga, sojoji, sojoji. To ga Baba Hlengwa can, an ce sojansa ɗari uku, amma ƙurajen wuta sun zagaye masa kwiɓi kamar ɗamara. Me sojojin suke yi? Barci?"

Baba Hlengwa, tsohon ma'aikacin ramin zinariya wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ɗago daga benci. "Albashi ne ba a biya su ba, MaShezi. Yajin aiki suke."

Nomvelo ta yi dariya har shayin ya kusa zuba. "Mama, kalmar da kowa zai gane ce muka ɗauka. Amma waɗanda muke ƙirgawa ba su ke riƙe da mashi ba. Masu kira ne. In wata cuta ta shigo jiki, su ke yin shela: su kira masu kisa, su kira masu haɗa abin da zai ɗaure ta. Ita kuwa ƙwayar ƙanjamau su take nema. Ta shiga cikinsu, ta mayar da su ɗakin haihuwarta, ta hayayyafa, su mutu. Waɗanda ba ta shiga ba kuma, kira suke ta yi shekara da shekaru babu hutu, har murya ta dushe. Na'ura tana ƙirga kawunansu, amma ba ta jin muryarsu."

MaShezi ta tsaya da mataci a hannu. "Ashe masu ba da waƙa ne! To ku daina ce musu sojoji mana. Ƙanena Velaphi yana da 'yan amshi goma sha biyu a Durban, ƙarti, kowanne ƙirji kamar ganga. In bai buɗe baki ba, haka za su tsaya kamar turaku har mutane su watse."

"Wallahi kin fi ni bayani, Mama," in ji Nomvelo.

Ba a yi shekara da wannan hira ba Velaphin ya dawo gida.

Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ya tafi Durban yana ɗan shekara goma sha tara, ya sami aikin sauke kaya a tashar jirgin ruwa, ya kuma kafa ƙungiyar waƙa ta maza, irin masu sa kwat da farar safar hannu suna takawa a kan yatsun ƙafa kamar kyanwa. Sau biyu suka ci kyautar akuya a gasar waƙa. A watan Janairun 2005 ya sauko daga motar haya da jaka ɗaya, kwat ɗinsa na rataye a kafaɗa kamar na aro. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta share masa ɗakin baya, washegari ta sa shi gaba zuwa wajen Nomvelo.

Shekarar ce maganin ya fara isowa asibitinmu, kyauta. Mun yi murna, mun yi guɗa. Sai daga baya muka gane ƙofar tana da sakata: ba a fara ba mutum sai sojansa sun faɗo ƙasa da ɗari biyu. Maganin kaɗan ne, an ce, a fara da waɗanda suka fi jin jiki. To, mun ji. Amma wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa zama a bencin nan ya ga fuskar mutumin da aka ce wa ya koma gida ya ƙara lalacewa tukuna ba.

Sakamakon Velaphi ya dawo bayan mako uku: ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya fito yana kaɗa takardar, fuska a sake.

"Sisi, yayata, kin gani? Sista ta ce sojana sun yi yawa, ban kai ga magani ba. Ɗari biyu da sha huɗu! Ko ofishin 'yan sandan garin nan ba su kai haka ba."

"Lafiyayyen mutum nawa yake da shi?" ta tambaye shi.

"Ina na sani?"

"Ɗari takwas, dubu, a cikin ɗigon da bai kai kan allura ba. Kai ga ka kana rawa da ragowar tukunya. Yaushe ta ce ka dawo?"

"Bayan wata shida."

Baba Hlengwa ya matso, ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da ido. A lokacin nasa sojan sun sauko ɗari biyu da shida. "Sannu da shigowa ƙungiya, ɗana. Kai sai sha biyar sun mutu, ni bakwai kawai nake jira. Bari in ba ka sirrin. In ranar gwaji ta matso, ka daina cin abinci, ka riƙa kora giya mai ƙarfi. Sojan da ba shi da ƙwari zai faɗi da kansa."

MaShezi ta nuna shi da mataci. "Baba, da furfurarka! In ka ƙara faɗa wa yaron nan wannan magana, man nan mai zafi zan yi maka wanka da shi."

"To me kike so mu yi, 'yata?" Wannan karon bai yi dariya ba. "A rediyo manya na cewa mu ci tafarnuwa da lemon tsami. A ciki Sista na cewa mu dawo in mun kusa kabari. Ni dai hanyar kabarin nake ragewa tsawo."

MaShezi ta juya ga kaskonta, ta ci gaba da suya.

Fabrairu ya wuce, Maris ya wuce. Velaphi yana zaune a ƙofar ɗaki yana koya wa kansa sabuwar waƙa a hankali. A cikin Afrilu waƙar ta tsaya. A farkon Mayu sai MaShezi ta lura tuwon masarar da take ajiye masa da safe yana nan yadda ta bar shi in ta dawo, nonon kawai ya kurɓa. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Ranar Lahadi ta ga ya miƙa wa karen maƙwabta naman kazar da ta yanka dominsa.

Nan ta haɗa biyu da biyu, ta kuma haɗa ba daidai ba.

"Velaphi! Ashe maganar tsohon nan ka ɗauka? Yunwa kake kashe kanka da ita don lamba ta sauka?"

"Ba haka ba ne, Sisi."

"Rufe mini baki! Ni na goya ka a bayan nan, na hana cikina na ba ka. Na binne miji, yanzu kuma kana so in binne ka don wata takarda? Waɗanda suka rage maka, muryarsu ta riga ta dushe, kai kuma ka ce bari ka shaƙe su gaba ɗaya!"

Ta shiga ta ɗauko fanke ɗaya daga na safe, ta danƙa masa a hannu. "Ci. A gabana. Ba zan motsa daga nan ba."

Ya gutsura kaɗan. Ya tauna, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Da ya zo haɗiyewa sai ya runtse ido, ya dafe tsakiyar ƙirji da hannu biyu, hawaye suka zubo masa ba tare da ya yi kuka ba.

"Kamar garwashi nake haɗiya," ya ce da wata siririyar murya. "Daga nan har nan. Mako uku ke nan. Ban so in ɗaga miki hankali ba, tun da an ce sai Agusta."

MaShezi ta kama hannunsa. Ta jawo shi cikin rana. "Buɗe baki. Ƙara buɗewa, kamar za ka ɗaga waƙa."

Harshe, dasashi, har can ciki inda ido ke iya kaiwa, duk fari ne kamar an shafa guntun kindirmo. Ta san abin. Ta ji shi ta taga ba sau ɗaya ba: wannan farin abu yana bakin kowa, mai lafiya da marar lafiya, amma ba ya iya ɗaga kai muddin masu kira na kira. Kuma ta tuna ƙarshen darasin, wanda Nomvelo kan faɗa da sauri saboda lokaci: in ya gangara maƙoshi har haɗiya ta gagara, ba a jiran lamba. Dokar tana da ƙofa ta biyu. Sai dai ƙofar farko takarda kawai ake dubawa, ta biyu kuwa sai an dubi mutum.

"Ka yafe mini, ɗan uwata," ta ce. Sau ɗaya ta faɗa, ta juya ta shiga goge masa riga.

Ranar Litinin, karo na farko cikin shekara biyar, risho bai kama a jikin bangon asibiti ba. Ta riƙo Velaphi a hannun dama, fanke ɗaya a naɗe cikin takarda a hannun hagu, ta wuce layin kai tsaye.

"A'a, MaShezi! Layi daga can ya faro!"

"Yau mai fanke ta zama likita ke nan?"

"Ku bar ta," in ji Baba Hlengwa daga benci, hannu dafe da goshi don ciwon kan da ya dame shi kwanakin nan. "Ba ku ga idonta ba? Wanda ya tare ta, shi za a fara dubawa."

Sista Mdlalose tana zaune a bayan tulin katuna. Ba muguwar mace ba ce, a faɗi gaskiya. Ita kaɗai ce ga mutum casa'in a rana, kuma ta daɗe da koyon duban kati maimakon fuska, domin kati ba ya roƙo. Ta karɓi na Velaphi, ta duba, ta mayar.

"MaShezi, kin fi kowa sanin yadda ake yi. Ɗari biyu da sha huɗu. Agusta."

"Takardar nan ta Janairu ce, Sista. Yau muna cikin Mayu."

"Ba ni na rubuta doka ba. In na ba shi, wanda sojansa hamsin me zan ce masa?"

"Ban ce ki hana kowa ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Kin ƙirga su, na yarda. Kin ji muryarsu?"

Sista ta cire tabarau. "Muryar wa?"

"Sojojin naki! Yarinyar da ke ɗakin can kullum tana faɗa, ni da ke waje na ji, ke da ke ciki ba ki ji ba? Ba yawansu ne magana ba, kira ne aikinsu. In suna kira, me ya sa ƙofar gidan take a buɗe kowane ɓarawo na shiga?"

"Mama, ina da mutane a waje."

"Wannan ma mutum ne." Ta warware takardar, ta aje fanken a kan katunan, mai ya fara ratsa na sama. "Kin sha cin fankena, kin san laushinsa, jariri ma yana haɗiye shi. Velaphi, ci."

"Sisi, don Allah..."

"Ci, na ce! Ba kunya a ɗakin nan, kowa tsirara yake shigowa."

Ya gutsura.  Ya tauna, ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, ya dafe ƙirji ya sunkuya, lomar ta dawo cikin tafin hannunsa.

Sista Mdlalose ta dube shi. Ina jin tun Janairu wannan ne karon farko da ta dube shi. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko tocila da ɗan faifan katakon da ake danne harshe.

"Buɗe baki, Shezi." Ta haska, ta daɗe tana haskawa. "Tun yaushe?"

"Mako uku."

"Ciwon a bayan ƙashin ƙirji yake?"

Ya gyaɗa kai.

"Me ya hana ka zuwa?"

"Ke kika ce Agusta, Sista."

Sista ta aje tocilar. Ta ɗauki biro ta yi rubutu mai tsawo a katin, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. "Ga maganin maƙoshi, ya fara yau. Likita na zuwa ranar Alhamis, shi zai fara gani, ba layi. Sai ya zauna darasi uku wajen Nomvelo kafin a ba shi babban maganin, kuma dole a sami wanda zai tsaya masa ya tabbatar yana sha safe da yamma."

"Wanda zai tsaya masa?" MaShezi ta yi wata dariya marar daɗi. "Shekara talatin da huɗu ina tsaye, Sista. Rubuta sunana."

Tana bakin ƙofa Sista ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin ɓata mini kati da mai."

"Gara kati," in ji MaShezi.

An sake ɗibar jininsa ranar Alhamis. Da sakamakon ya dawo, tamanin da ɗaya ne. Ba sha biyar ba, fiye da ɗari suka mutu yana zaune a ƙofar ɗaki yana jiran Agusta, yana riƙe da takardar da ke cewa sun yi yawa. Ya fara shan maganin a farkon Yuni. Watan farko ya sha wuya, jiri da mugayen mafarkai, amma kafin a gama yankan rake ya cinye tuwo kwano guda ya nemi ƙari.

Baba Hlengwa bai ga wannan ba. Ciwon kan nan nasa ba na rana ba ne, wata cuta ce ta hau masa ƙwaƙwalwa, irin wadda ba ta samun hanya sai masu kira sun yi shiru. Shi ma ƙofa ta biyu tasa ce, da an duba. Ya faɗi a benci a ƙarshen Mayu, aka ɗauke shi zuwa babban asibiti, bai dawo ba. A aljihun kwat ɗinsa aka sami takardarsa a ninke: ɗari biyu da shida. Ranar jana'izarsa Velaphi ya so ya ba da waƙa, murya ta ƙi fita, sai wata tsohuwa ta ɗauka.

MaShezi ba ta yafe wannan ba, kuma ba ta yi kamar ta yafe ba. Ta koma gindin tagarta da sabuwar ɗabi'a. Duk wanda ya sayi fanke sai ta bi shi da ido. In ta ga ya naɗe ya sa a aljihu, ko yana tsakura kamar tsuntsu, sai ka ji ta: "Kai, mai jar hula, dawo nan. Haɗiye in gani." Wasu sun zage ta, wasu sun daina saye a wurinta. A shekarar nan kaɗai mutum tara ta ja har teburin Sista Mdlalose, wadda ta kai ga barin tocilar a kan tebur maimakon cikin aljihu.

Bayan shekaru an ɗaga lambar, daga baya ma aka cire sakatar gaba ɗaya: in an sami ƙwayar a jininka, a fara ba ka magani, kada a jira masu kira su gaji. Ranar da labarin ya iso, Nomvelo, wadda a lokacin ta zama uwar 'ya'ya biyu, ta leƙo ta taga.

"Mama, kin ji? Yanzu ba wanda za a ce wa ya koma ya jira!"

MaShezi ba ta bar juya fanke ba. "Na ji. Wa zai je ya gaya wa Baba Hlengwa?"

Velaphi yana kan hanyarsa ta shiga karɓar maganin wata. Bai koma Durban ba. Gadi yake yi a makarantar garin, yana kuma ba da waƙa ga wasu dattawa shida a coci, da muryar da ta dawo amma ba ta kai ta da ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki fanke ɗaya ba tare da ya tambaya ba.

"Sojana ɗari shida da arba'in yanzu, Sisi."

"Ban tambaye ka yawansu ba," ta ce. "Haɗiye in gani."